Ɗalibin Jami'a Da Shinkafar Bakin Kwara

Akwai wata al'ada da ta kafu a jami'o'in Turai da Amurka wadda labarinta bai kai kunnen manoma sosai ba, ko da ya ke ta shafe su. A kan zaɓi manyan ɗalibai, watau masu neman digiri na biyu ko na uku, da waɗanda suka riga suka zama dakta amma ba su kama aikin dindindin ba, a yanka musu ɗan albashi na shekara ɗaya ko biyu. Aikin da a ke ba su shi ne su ɗauki abin da masu bincike suka gano cikin jami'a su kai shi hannun wanda zai yi aiki da shi. Sunan abin tallafin miƙa fasaha. In an bi shi a hankali dillanci ne, sai dai hajar ilmi ce. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san mai sa da mai kuɗi su kan wuni suna kallon juna ba a ƙulla kome ba, sai dillali ya shiga tsakani.

Asalin abin daga Amurka ne. Cikin 1980 majalisarsu ta yi wata doka, ana kiranta Bayh-Dole, wadda ta yarda jami'a ta mallaki abin da malamanta suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, ta yi rajistarsa da sunanta, ta sayar wa kamfani lasisin yinsa. Nan da nan jami'o'i suka buɗe ofisoshi don wannan ciniki. Da aiki ya yi wa ofisoshin yawa, sai suka jawo ɗalibansu, kamar yadda Jami'ar Kolambiya ta birnin New York ke yi. A kan miƙa wa ɗalibi takardar wani sabon abu, ya bincika ko wani ya riga ya yi irinsa, ya gano wane kamfani zai so shi, ya rubuta bayaninsa da harshen da ɗan kasuwa zai gane. Ingila kuwa wata hanya ta bi tun 1975. Su ɗalibin su ke ɗauka ɗungum su sa shi cikin kamfanin, ya zauna can shekara ɗaya zuwa uku, malaminsa na jami'a yana leƙa shi, gwamnati da kamfanin suna raba kuɗin.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. Akwai wata hukuma a Abuja da a ke kira NOTAP, an kafa ta cikin 1979, aka ba ta wannan suna cikin 1992. Babban aikinta rajistar yarjejeniyar da kamfanonin ƙasar nan ke yi da na waje wajen sayen fasaha. Daga 2006 ta shiga taimakon jami'o'i su buɗe nasu ofisoshin mallakar ƙirƙira da miƙa fasaha, sa'an nan cikin 2015 ta fito da tallafi inda manyan kamfanoni ke ɗaukar nauyin ɗalibai masu neman digiri na uku a jami'o'in gida, su yi bincike a kan abin da ya dace da bukatar masana'antu. Wannan aiki ne mai kyau, ba wanda zai kushe shi. Amma fa fuskarsa tana duban masana'anta, masana'antu kuwa galibinsu suna Ikko. Manomin Lolo ba ya sayen lasisi. Ba shi da lauya, ba shi da ofis, abin da ya sani shi ne ko irin da ya shuka ya yi ko bai yi ba. In ana so wannan tallafi ya yi wa Jihar Kebbi amfani, tilas a sāke masa fasali, a tura ɗalibin inda hajar za ta ƙare, ba kuwa inda ya fi dacewa a fara gwadawa kamar ƙasar Bagudo.

Dalili kuwa ga shi. Kogin Kwara, da zarar ya baro iyakar Nijar da Benin, ta nan ya ke shigowa Nijeriya. Fadamun Lolo da Illo da na kewayen Bagudo kansa, shinkafa ce rayuwarsu, damina da rani. A tudu, wajen Kaoje da Tsamiya, ga dawa da gero da masara da wake, ga shanun Fulani. Yamma da su ƙasar Benin ce, Segbana tana duban Tsamiya, babbar kasuwar Malanbil kuma tana sama da Lolo a bakin kogin. Watau a wuri ɗaya an sami noman fadama, da noman tudu, da kiwo, da fatauci tsakanin ƙasa biyu. Abin da ya karɓu a nan, ba ya tsayawa nan.

Sai dai kogin da ke ba da abinci shi ke kwashe shi. Dattawa sun san Kwara tana kawo ruwa sau biyu, akwai na damina wanda ke tasowa wajen Agusta da Satumba, akwai kuma wanda ke isowa daga can Mali da sanyi. Na damina shi ne mai ɓarna, gama yana samun shinkafa a tsaye. An ga haka cikin 2012. An sāke gani cikin 2020, sa'ad da ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, a lokacin da mutane da dama suka ci bashi suka zuba cikin noma, don tun ran 17 ga Nuwamba 2015 da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, kowa ya tsunduma cikin shinkafa, har ma'aikatan ofis. Wanda ruwa ya ci gonarsa, bashin bai tafi da ruwan ba.

To, a nan ne labarin wani ɗalibi ya shigo. A ƙasar Indiya, yankin Odisha, manoma suna da wata tsohuwar shinkafa wadda ba ta da yawan amfani, amma in ruwa ya shanye ta ba ta mutuwa da wuri. Masu bincike suna kiranta FR13A. A Jami'ar Kalifoniya ta garin Davis, wani malami, David Mackill, ya sa ɗalibinsa Kenong Xu ya nemo inda wannan hali ya ke cikin ƙwayoyin gadon shukar. Cikin 1996 suka gano wurin. Xu ya ci gaba da aikin bayan ya zama dakta, a ɗakin binciken Pamela Ronald, har cikin 2006 suka bayyana ƙwayar gadon kanta, aka sa mata suna Sub1. Daga nan aka yi ta barbara, ana shigar da ita cikin irin da manoma suka riga suka saba da shi, har cikin 2009 Indiya ta fitar da wanda a ke kira Swarna-Sub1.

Yadda abin ke aiki zai ba manomin bakin Kwara sha'awa, gama ya san kishiyarsa. Tsohuwar shinkafar zurfi ta kakanni, wadda a ke shukawa a fadamun Rima da Kwara tun kafin zuwan Turawa, dabararta tsere da ruwa. Ruwa na hawa tana miƙewa, kullum kanta a sama. Wannan yana yi in ruwa na hawa sannu a hankali. Shinkafar zamani gajera, in ruwa ya rufe ta farat ɗaya, ita ma sai ta yi ƙoƙarin miƙewa, ta ƙone abincin da ke jikinta, kafin mako ya zagayo ta ruɓe. Mai Sub1 kuwa lafewa ta ke yi. Ta kan daina girma, ta riƙe ƙarfinta kamar mai riƙe numfashi, har wajen mako biyu. In ruwa ya janye sai ta farfaɗo ta ci gaba.

Wannan hali ya iso Nijeriya. Cibiyar AfricaRice tare da Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi sun shigar da shi cikin irin fadama, cikin 2017 aka fitar da iri biyu, FARO 66 da FARO 67. A lura da shekarun. An fitar da irin cikin 2017, ambaliya ta zo cikin 2020, damina uku ke nan tsakani. Kada a yi ƙarin gishiri, irin nan ba laya ba ne. Gonar da ruwa ya kwana wata guda a kanta, ko wadda igiyar ruwa ta tumɓuke shukar, ba irin da zai cece ta, haka kuma wadda ruwa ya rufe bayan ta yi ciki. Amma tsakanin gonar da ke tsakiyar kwari da wadda ke kan tudu akwai eka dubbai waɗanda ruwa kan hau kwana bakwai ko goma ya sauka. Waɗannan su ne a ke magana. Duk da haka FARO 44 ce ta ci gaba da mamaye fadamun Kebbi, wadda ba a yi ta don jure nutsewa ba.

Mai karatu zai ce, me ya hana? Ba taurin kan manomi ba ne, kamar yadda waɗansu ma'aikata ke saurin faɗi. Iri ba ya tashi daga Badeggi ya faɗo gona kamar fara. Wanda ya ƙirƙiro shi ɗan kaɗan ke hannunsa. Sai an riɓanya shi ya zama irin tushe, a sāke riɓanyawa ya zama irin da hukumar iri ta ƙasa za ta duba ta sa wa hatimi, kowane mataki kuwa yana cin shuka guda. Kamfanin iri ba zai zuba kuɗinsa ba sai ya tabbata za a saya. Mai shagon iri da taki a kasuwar ƙauye ba zai ajiye abin da ba a tambaya ba. Manomi ba zai tambayi abin da bai gani da idonsa a gonar maƙwabci ba. Babban injin casa kuma, irin na Labana a Birnin Kebbi ko na WACOT da aka buɗe a Argungu cikin 2017, yana son doguwar ƙwaya iri ɗaya wadda ba ta karyewa, shi ya sa fatake ke neman abin da suka san injin zai karɓa. Kowa yana jiran kowa. Mai ƙirƙira ya gama nasa, ya rubuta takarda, ya sami ƙarin girma. Abin da ya rage ba aikin kowa ba ne.

Wannan aikin da ba na kowa ba, shi ya kamata a ba ɗalibin. A ɗauko wanda ya gama digiri na biyu ko na uku a kan shinkafa, daga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi, ko ta aikin gona da ke Zuru, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A ba shi abu guda, iri ɗaya ko biyu, da wuri guda, a ce ya zauna damina biyu da rani biyu. Ya samo irin na gaskiya daga tushe. Ya bi fadama da dattawan gari su nuna masa inda ruwa ke hawa da kwana nawa ya ke yi, gama wannan taswira tana kawunansu, ba ta cikin littafi. Ya shuka sabon kusa da tsohon a gonakin mutane, cikin aikinsu da takinsu. In an yanke, ya ɗauki buhu ya kai wa mai injin, a cashe a gabansa, a auna nawa ta karye. Ya kai wa mata masu turara su gwada, a dafa a ci. Sa'an nan ya zauna da mai kamfanin iri da lissafi a hannu, ya ce masa ga ƙauyuka kaza, ga buhu kaza da za su saya baɗi. In kuwa irin bai yi ba, ya koma ya gaya wa masu shi dalili. Wannan ma riba ce, kuma ba ƙarama ba.

Samaru ta riga ta koyi wannan darasi tun da daɗewa. Shekaru da yawa ma'aikatan gona suna ta yi wa manoma wa'azi su shuka auduga cikin Yuni, ita kaɗai a gona, su yi feshi. A gonar gwaji abin yana ba da amfani mai yawa. Manoma suka yi kunnen ƙashi, suna shuka tasu cikin Yuli. Sai cikin shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki, David Norman, da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka zauna da mutanen ƙauyukan Zariya suna rubuta aikin kowace rana. Suka tarar Yuni da Yuli lokacin noman gero da dawa ne, hannu bai isa ba, ba kuwa mai hankalin da zai bar abincin gidansa ya bi auduga. Feshin ma yana cin ruwa mai yawa wanda sai an ɗauko a ka. Suka kuma tarar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda a ke yi wa kallon rashin wayewa, ya fi biyan wahalar mai shi, ya kuma fi tsare shi ran da damina ta yi gardama. Ashe manomi lissafi ya ke yi. Ba a gane haka ba sai da aka zauna da shi shekara cur.

Wanda ke shakkar cewa abin jami'a zai iya zama hajar kasuwar ƙauye, ya dubi buhun ajiye wake da a ke kira PICS. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, su suka fara gwada dabarar tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar, su rasa ta, su daina ci su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Dabarar ta yi shekara wajen ashirin ba ta bazu ba. Sai cikin 2007 aka sami kuɗi aka yi abin da ya kamata tun farko. Aka ba masana'antu izinin yin buhun, ciki har da Lela Agro ta Kano. Aka nemo 'yan kasuwa masu sarin sa. Aka bi ƙauyuka dubbai a ƙasashe goma, har da Nijeriya da Nijar da Benin, masana irin su Dakta Ibrahim Baoua na Maraɗi suna gwaji suna horar da ma'aikata. A kowane ƙauye a kan zuba waken mutanen garin a ɗaure a gabansu, a bar shi wata huɗu ko fiye, ran buɗewa a tara jama'a. Gani ya kori ji.

Abin lura a nan, ilmin buhun bai ƙaru da kome ba tsakanin 1990 da 2007. Abin da ya ƙaru mutane ne da aka biya su yi zirga-zirga tsakanin jami'a da masana'anta da kanti da rumbu. Amfaninsa kuwa ya wuce hana ƙwari. Mai wake yana iya riƙe kayansa daga kaka har bazara sa'ad da farashi ya tashi, maimakon ya zubar da shi da arha. Fatake kuma ba su manta ba cewa cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa.

Saura maganar iyaka, wadda ita ce ta sa Bagudo ta bambanta da Argungu ko Suru. Mutanen Illo da Lolo da na ƙetare dangin juna ne, ana auratayya, ana jin Dandanci da Hausa da Fulatanci ko'ina, naira da sefa suna canza hannu a kasuwa ɗaya. Iri yana ƙetarawa cikin ƙullin zane, maganin feshi yana ƙetarawa a bayan babur, mai kyau da gurɓatacce, ba mai tambaya. Ko sa'ad da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don hana shigowar shinkafar waje, kogi bai san an rufe ba, ƙwari da cutar shuka ma haka. Abu ɗaya ne ba ya ƙetarawa, shi ne binciken hukuma. Mai bincike na Kebbi ya fi sanin abin da a ke yi a Ibadan bisa ga abin da a ke yi a Malanbil, ga shi kuwa ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya.

Akwai kuwa abin ɗauka a can. Cibiyar AfricaRice ta yi wajen shekara goma da hedkwatarta a Kwatano, daga 2005. A lokacin ta gyara wata tukunyar turara shinkafa da a ke kira GEM, wadda ke cin itace kaɗan, ba ta ƙona ta ƙasa ta bar ta sama ɗanya, tana kuma da ƙugiyar ɗaga kaya don kada mata su yi ta dakon tukunya mai zafi. Cikin wuraren da aka fara kafa ta har da Malanbil, ƙungiyar mata ke aiki da ita. Matan bakin Kwara na wannan gefe sana'arsu ke nan, ganga da itace da hayaƙi. Ɗalibar da ta karanta aikin injiniya ko sarrafa abinci, in aka ba ta shekara biyu da kuɗin mota, za ta iya kai shugabannin mata su gani, ta auna abin da ya ke ci da abin da ya ke fitarwa, ta nemi maƙerin Birnin Kebbi ko Jega da zai iya ƙera irinta da ƙarfen da ba ya tsatsa, ta gano ko ƙungiya ɗaya za ta iya biya. An ce ɗaliba da gangan. Akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba, turara kuwa a cikin gida a ke yi. Doka ma ba ta hana wannan hulɗa ba. Tun 2008 ƙungiyar ECOWAS ta yi ƙa'idar cewa irin da aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ana iya cinikinsa a sauran. Jami'ar Paraku tana da sashen aikin gona, arewacin Benin ne filinta. Ba abin da zai hana a haɗa ɗalibi ɗaya daga nan da ɗaya daga can a kan aiki guda, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci, su haɗu a Hausa ko Dandanci.

Wani zai ce, ai wannan aikin malamin gona ne, me ya sa za a kawo dakta? Tambaya ce mai kyau. Malamin gona na hukumar KARDA yana da ƙauyuka da yawa a wuyansa da amfanin gona iri iri, sau da yawa ba man babur. Aikinsa ya isar da saƙon da aka ba shi. Ba shi da ikon buga waya Badeggi ya ce a ba shi irin tushe, ba shi da lokacin zama da manajan injin casa, ba a kuma koya masa tsara gwajin da masu bincike za su yarda da sakamakonsa ba. Ɗalibin ba zai maye gurbinsa ba, tare za su yi, in ya tafi ma malamin gona ne zai gaji aikin. Tun 1963 Samaru ta ga bukatar irin wannan tsani, ta kafa sashen haɗa masu bincike da malaman gona, wanda ya zama NAERLS ta yau. Amurkawa ma, kafin su yi dokar lasisi ta 1980, sun yi ta 1914 wadda ta sa jami'o'insu na aikin gona su ajiye wakili a gundumomi. Da wannan suka fara, lasisi daga baya ya zo. Nan kuwa ana so a fara da lasisi.

Babbar matsalar tana cikin jami'a kanta. Ƙarin girman malami ya dogara ga yawan takardun da ya buga a mujallun masana. Saurayin da ya yi shekara biyu a Illo yana bin masu shagon iri, sa'anninsa da suka zauna ofis za su wuce shi. In ba a gyara wannan ba, mai ƙwazo ba zai zo ba, wanda ya zo kuwa zai riƙa leƙowa ran kasuwa ya ɗauki hoto ya koma. Tilas majalisar jami'a ta rubuta cewa wannan aiki ana lissafa shi wajen ɗauka da ƙarin girma, a kuma auna shi da abin da a ke iya ƙirgawa: buhun iri nawa mai hatimi aka sayar da kuɗi, a kanti nawa, mutum nawa suka sāke saye a shekara ta biyu ba tare da an ba su kyauta ba. Wannan na ƙarshe shi ne ma'auni na gaskiya. Kayan kyauta kowa na karɓa, har wanda zai kai shi kasuwa da yamma.

Kuɗin fa? Ba su kai yadda a ke zato ba. Albashin mutum ɗaya ne, da babur, da ɗaki, da kuɗin iri da gwaji, da ɗan abin da za a biya manomi in gwajin ya ci masa gona. Asusun TETFund yana biyan karatun malaman jami'a da bincikensu, ba zai gagare shi ware gurabe kaɗan don wannan ba. Masu manyan injunan casa su ne suka fi kowa asara ran da ruwa ya ci shinkafa, injin ya tsaya ba abin casa, don haka tsarin NOTAP na kamfani ya ɗauki nauyin ɗalibi ya dace da su sarai. Sai dai a yi hattara da abu guda. In kamfani ne kaɗai ke biya, ɗalibin zai zama yaron kamfani, ya riƙa tallan abin da kamfani ke so. Gara a raba, jami'a da gwamnatin jiha da kamfani, ƙungiyar manoma kuma ta sami kujera a kwamitin da zai karɓi rahotonsa. Maganar tsaro ma ba a ɓoye ta, dazuzzukan kan iyaka ba kamar da ba ne. Wannan ya ƙara nuna a fifita ɗan yankin, wanda ya san hanya, aka san iyayensa, hakimi da dagatai suka karɓe shi.

Manoma da 'yan kasuwa kada su zauna jiran Abuja. Ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙaramar hukuma, da ta masu sayar da iri da taki, da ta mata masu turara, suna iya haɗa takarda ɗaya, akawun da ke cikinsu ya rubuta, hakimi ya sa hannu, a kai wa shugaban sashen aikin gona a Aliero ko Birnin Kebbi, kwafi kuma ga tashar Cibiyar Badeggi da ke Birnin Kebbi. Kada a rubuta kuka na gaba ɗaya, an gaji da karanta irinsa. A faɗi abu guda: ga fadama kaza, ruwa kan rufe ta kwana kaza, ana neman ɗalibi ya zo ya gwada FARO 66 da FARO 67 kusa da FARO 44, ga mutum goma sun ba da kwata kwatar eka, ga ɗakin da zai kwana. Ɗalibai da yawa suna yawon neman abin da za su yi bincike a kai da wurin da za a karɓe su, malamansu kuma ba su saba ganin takarda irin wannan daga ƙauye ba. A aika da ita tun da sanyi, gama neman irin tushe yana ɗaukar watanni, in kuwa bai iso kafin ruwan Yuni ba, gwajin sai wata damina.